Zoben Umma a Cikin Tebur

Ni malamar kemistiri ce, amma wannan bai taɓa hana kowa a gidanmu aike na sayo ashana ba. Auta ce ni, kuma ko furfura ta cika mini kai Auta za a ci gaba da ce mini. In na buɗe baki zan yi bayanin wani abu, sai a ce, “To malama, ajiye allin, miƙo mana cokali.” Rana ɗaya tak karatuna ya yi rana a gidan nan, ita ce ranar da Yaya ya tara mu zai nuna mana teburinsa.

Yaya kafinta ne. Shagonsa yana bayan gida, a tsohon garejin Babanmu, Allah ya jiƙansa. Tun da ya ga wani bidiyo a waya, na masu zuba rezin a tsakanin katako biyu su yi tebur, ba mu sake samun sakat ba. Rezin ɗin nan ruwa ne mai kauri kamar zuma, garai-garai. Ana haɗa shi da wani ruwa na biyu mai sandarar da shi, a juya, a zuba, a bar shi ya koma kamar gilashi. Gwajin farko ƙin bushewa ya yi, ya zauna yana kama ƙudaje. A na biyu Yaya ya juye masa duka kwalbar ruwa na biyun a zubi ɗaya don ya gama da wuri, abin ya ɗauki zafi, ya turnuƙe da hayaƙi, maƙwabta suka rugo da bokitai. Na ukun ne Allah ya yi. Wani mai shagon kayan ɗaki a babban titi ya ga hoton katakon tun ba a gama ba, ya ce a kawo masa ya ajiye a gaban shago, in jama'a suka yaba to hanya ta buɗe wa Yaya.

Don haka aka kira kowa. Ga Umma, ga Kawu ƙaninta, tsohon direban babbar mota wanda bai taɓa haɗuwa da abin da bai sani ba. Ga Gwaggo, yayar Babanmu, wadda ba ta taɓa yarda da maganar Kawu ba ko da cewa ya yi gari ya waye. Sai Amarya, matar Yaya, da har yau ake ce mata Amarya ko da yake 'ya'yanta sun yi nisa a makaranta.

Yaya ya yi gyaran murya, ya kama bakin zanin da ya rufe teburin, ya fizge.

Kai! Wallahi ya yi kyau. Katako biyu masu duhu a gefe da gefe, a tsakiyarsu rezin ya kwanta fes, kana hango ƙasa ta cikinsa. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Kawu ya ce shi dama ya san za a yi haka. Yaya sai washe baki yake yana shafa ƙeya.

Amarya ta sunkuya tana leƙawa. “Lallai maigida, har da ado ka sa a ciki?”

“Wane ado?”

“Ga shi nan.”

Muka haɗa kawuna. Can a tsakiyar rezin, bai kai ƙasa ba bai kuma taso sama ba, ga zobe a tsaye, ɗan siriri na azurfa mai 'yar lotsawa a gefe ɗaya. Babu wanda bai san zoben nan ba a cikinmu. Shi Baba ya ba Umma tun ba a haifi Yaya ba, kuma ban taɓa ganin hannunta babu shi ba.

Muka juya gaba ɗaya. Umma ta ɗaga kai tana nazarin rufin garejin, hannunta na dama a cikin mayafi.

“Umma?” in ji Yaya.

“Ƙuda ne,” ta ce.

“Wane ƙuda?”

“Ranar da ka zuba abin nan, ka ce kada kowa ya shigo. Ni kuwa na zo wucewa na ga ƙuda ya faɗa ciki yana ta wutsil-wutsil. Na ce yaron nan ya sha wahala, ƙuda ba zai ɓata masa aiki ba. Na miƙa hannu na tsame shi. Ƙudan ya fita, zoben ya shiga.”

“Me ya hana ki kira ni?”

“Yadda kake zare ido a kwanakin nan? Na ce bari in bari ka fita, in zo da cokali in kwaso abina. Ai ruwa ne. Da na dawo da cokalin sai na ji ƙwas.”

Gwaggo ta dafe ƙirji. “Innalillahi! Zoben ƙanina!”

Kawu ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. “Ku kwantar da hankalinku. Roba ce fa. Roba kuwa wuta ce maganinta. Jarka nawa na liƙe a hanya da wuƙa mai zafi? A kawo mini wuta kawai.”

“Ba zai narke ba,” na ce.

“Ruwan zafi za a kwara,” in ji Gwaggo, don dai kada ta bi bayan Kawu.

“Ba zai narke ba.”

“Ko in jona dutsen guga?” in ji Amarya.

“Jama'a, ba zai narke ba!”

Ko kallo ban ishe su ba. Kawu ya fita ya dawo da ɓallin tsohon bokitin roba da kyandir. Ya kunna, ya kara ɓallin a wuta. Nan da nan ya yi laushi, ya lanƙwashe, ya fara ɗiga. Ya dube ni ta saman tabarau. “Kin gani, malama? Ko wannan ba ya cikin littafin naku?”

Raina ya ɓaci. Na shiga kicin fuu, na ɗauko tsohuwar tukunyar nan mai baƙin mariƙi, na kara mariƙin a kyandir ɗin Kawu. Muka tsaya muna kallo. Ko ɗigo ɗaya bai yi ba, sai wari. Na ce Yaya ya ba ni guntun rezin daga wanda ya yanke a gefen teburin. Na kara shi. Ya yi ɗan laushi, ya yi rawaya, ya koma baƙi, ya fara wani irin hayaƙi da ya kore mu duka zuwa tsakar gida muna tari. Amma narkewa, ko alama.

Umma ce ta fara magana, a hankali.

“Auta, me ya sa?”

Ku ji fa! A gidanmu, ni aka tambaya me ya sa. Saura kaɗan in yi rawa. Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce kowa ya miƙe, aji ya fara.

“Duk abin nan da kuke kira roba, sunan danginsu polima,” na ce. “Ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu, ana ce wa kowace ɗaya monoma. Sai su kama hannun juna, dubbai a jere, su zama doguwar sarƙa. Sarƙar ita ce polima. Yau kowannenku ƙwaya ɗaya ne.”

“Ke ce dai ƙwaya, mara kunya,” in ji Gwaggo, amma ta miƙe.

“Kuma ba a masana'anta aka fara su ba. Audugar zanin Umma polima ce. Katakon Yaya polima ne. Sitacin da ke cikin shinkafa polima ne. Gashin kanki ma, Gwaggo.”

“Gashina?”

“Wanda Allah ya ba ki, na halitta ne. Wanda kika sayo a kasuwa kika ƙara, shi ne na masana'anta, ɗan uwan leda da kwalbar ruwa da bututun famfo.”

Kawu ya ƙyalƙyale har da buga ƙafa. Gwaggo ta ja ɗankwalinta gaba ta ce Allah ya isa tsakaninta da boko.

Na raba mu layi biyu. Kawu da Yaya da Amarya suka riƙe hannu, sarƙa ɗaya. Ni da Umma da Gwaggo, sarƙa ta biyu. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, layi kusa da layi.

“Wannan shi ne bokitin Kawu,” na ce. “Sarƙoƙi ne kwance kusa da juna, amma babu wadda ta riƙe 'yar uwarta. In da sanyi, kowa na tsaye ƙyam, bokiti ya yi tauri. Yanzu ga wuta ta zo. Zafi motsi yake sa ƙwayoyi. Ku motsa!”

Ba wanda ya motsa.

“Haba, ku yi rawa mana! Amarya, sa mana kiɗa a waya.”

Da kiɗa ya tashi, Kawu ne ya fara karya kafaɗa, wai shi a zamaninsa ba a kai shi ba. Yaya yana ta noƙewa, Amarya ta ja shi. Layinsu ya zame ya wuce namu, namu ya lanƙwasa ya zagaya bayan randar ruwa, Gwaggo tana jan mu tana cewa ita fa ba rawa take ba, gwiwarta take miƙewa.

“Kun gani? Kun narke! Sarƙa tana zamewa ta gefen sarƙa. Amarya, kashe!”

Kiɗa ya tsaya, kowa ya daskare a inda yake, Kawu da ƙafa ɗaya a sama.

“Kun huce, kun sake tauri a sabuwar siffa. Irin wannan ana ce masa tamoplastik. A narkar da shi, a sake zubawa, a kuma narkarwa. Shi ya sa ake tattara tsofaffin bokitai da kwalabe a mayar da su wani abu.”

“Ai abin da na ce ke nan,” in ji Kawu.

“Tsaya tukuna, naka na zuwa. Kawu, miƙo hannunka ɗaya ka kama bakin mayafin Gwaggo. Wuri ɗaya kawai.”

“Ya kuskura,” in ji Gwaggo.

“Don ilimi ne, Gwaggo.”

Ya kama da yatsa biyu kamar mai ɗaukar garwashi. Na ce layi biyun su ja baya. Muka ja, muka miƙe, muka miƙe, sai mayafin ya ƙi, ya dawo da mu muka yi karo da juna.

“Wannan ita ce roba mai talewa, elastoma. Sarƙoƙin a nannaɗe suke, an ɗaure su da juna nan da can kawai. Ka ja ta miƙe, ka saki ta koma. Robar ƙugun wando ke nan. Tayar mota ma haka, da farar wuta ake dafa ta don a yi mata waɗannan ƙulle-ƙullen.”

Kawu ya saki mayafin ya dafe kai. “Wato duk shekarun nan a kan polima nake tafiya?”

“A kanta kake, Kawu.”

“Shi ya sa,” ya ce, yana gyaɗa kai. Ban tambaye shi shi ya sa me ba.

“Saura teburin Yaya. Rezin ɗin da ke cikin kwalba gajerun guntaye ne, shi ya sa yake zuba. Ruwa na biyun nan kuwa aikinsa ɗaya, ya ƙulla kowa da kowa. Yanzu kowa ya kama duk wanda hannunsa ya kai gare shi. Riga, zani, aljihu, duk abin da ka samu. Kada a bar kowa.”

Wayyo, ina ma kun gani! Gwaggo ta damƙi aljihun rigar Kawu da ƙarfin da na san ramuwa ce. Kawu ya riƙe kwalar Yaya. Yaya ya kama gefen zanin Umma, Umma ta riƙe ni, ni na cafki Amarya, Amarya ta saƙalo Gwaggo ta ƙugu. Muka zama dunƙule ɗaya a tsakar gida.

“Yanzu wuta ta zo. Ku narke!”

Amarya ta danna kiɗa da haɓarta, don ba ta da sauran hannu. Kowa ya yi ƙoƙarin motsawa, ba hanya. Ka ja nan, can ya riƙe. Kawu yana ihun a sakar masa aljihu, Gwaggo tana cewa malama ba ta ba da izini ba. Yaya ya taka ni, na taka Amarya. Kawu ya tattara ƙarfinsa ya fizga, sai ji muka yi kyaaat! Aljihun ya taho a hannun Gwaggo, mu kuwa muka zube ƙasa gaba ɗaya, ƙafafu a sama.

Daga nan ƙasa na ɗaga murya, don malami ba ya barin darasi a rabi. “Wannan shi ne tamoset! Ba sarƙoƙi ba ne kuma, raga ɗaya ce. Zafi ba ya raba su lafiya, sai dai ya yaga, abin ya ƙone. Mariƙin tukunya, soket ɗin bango, teburin Yaya, duk haka suke. In ya ƙullu ya ƙullu.”

Ba na jin wani ya saurare ni. Gwaggo tana kaɗa aljihun Kawu a sama, Kawu yana rantsuwa sai ta ɗinka masa. Umma kuwa tana zaune dirshan a ƙasa, tana dariya har da hawaye, tana riƙe ciki tana cewa mu bari za mu kashe ta. Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba na da rai. Daɗi ya kama ni.

Da dariya ta lafa, ta share ido da bakin mayafi. “To Auta, zoben fa?”

Na tashi zaune. “Hanya ɗaya ce, Umma. A sa injin huda mai faɗin baki, a yanko rezin ɗin da ke kewaye da zoben. Sai a ɗumama guntun kaɗan, a riƙa ɓanɓarewa a hankali har a kai gare shi. Azurfa ba abin da zai same ta.”

“Teburin fa?” in ji Amarya.

“Zai yi rami a tsakiya. Ko an cike da sabon rezin, tabon zai nuna, don sabon ba zai narke ya haɗe da tsohon ba.”

Muka dubi Yaya. Wata da watanni yana fama da abin nan, kuma duk mun san mai shagon babban titi ba zai ajiye tebur mai tabo a gabansa ba. Yaya ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya shiga gareji. Muka bi shi. Ya ɗauko injin, ya ɗaura masa zagayayyen baki, ya jona a wuta. Ya ɗora shi daidai saman zoben.

“Tebur ne kawai, Umma,” ya ce. Muryarsa ba ta fita daidai ba. “Zan yi wani.”

Ya danna. Injin ya ɗauki ƙara, bai kai ga taɓa rezin ɗin ba Umma ta ce, “Dakata.”

Ya saki.

“Auta, kin ce ba ya narkewa?”

“Ba ya narkewa, Umma.”

“Ruwa fa?”

“Ba ya shiga.”

“Ba zai zame ya fita ta ƙasa ba?”

“Ko an kifa teburin.”

Ta ƙura wa zoben ido. Sannan ta ce, “To a bar shi nan.”

“Haba Umma,” in ji Yaya, “kada ki yi don ni.”

“Wa ya ce don kai ne? Ni na gaji da nemansa. Ya faɗa cikin ruwan wanki, na tsame. Ya faɗa cikin shinkafa, na tone tukunya. Kwanaki a cikin shara na tsince shi. Na naɗa masa zare, zaren ma ya ƙi riƙewa. Kullum da hannuna a dunƙule nake yawo, ina tsoron ranar da zai tafi ban ji ba.”

“Yaushe ya fara yi miki yawa?” in ji Gwaggo. “Da ko da sabulu ba ya fita.”

Umma ta zaro hannunta daga cikin mayafi ta ɗora a kan teburin, daidai saman zoben. Fitilar garejin na haska shi sosai. Yatsun sun zama sirara, fata ta saki, ƙashin wuyan hannun ya fito. A inda zoben yake zama akwai farin zagaye, ya yi wa yatsan faɗi.

Kullum muna tare da ita. Ita ke zuba wa kowa abinci, ta ce ita ta ci a kicin, mu kuwa mu ce to. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Kawu, mai amsar kowace tambaya, ya cire tabarau yana ta gogewa da rigarsa mai yagaggen aljihu.

Yaya ya zare wayar injin daga bango. Ya fita da wayarsa a kunne, na ji yana ce wa mai shagon babban titi, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, wannan na gida ne. Zan yi maka wani.” Da ya dawo ya ce wa Kawu ya kama can. Suka ɗaga teburin, suna nishi suna faɗa a kan wa zai bi ƙofa da baya, har suka dire shi a tsakiyar falo. Amarya ta jawo kujera ta ajiye a gefen da zoben ya fi kusa.

Gwaggo ba ta tsaya kallonsu ba, kicin ta wuce. Ta fito da faranti a cike, ta ajiye a gaban kujerar, ta kamo Umma ta zaunar da ita, ta danƙa mata cokali.

“Na ƙoshi, Yaya,” in ji Umma, don haka take kiran Gwaggo.

“Ban tambaye ki ba.”

Muka jawo kujeru muka kewaye ta, ba wanda ya zuba nasa. Umma ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce wane irin sa ido ne wannan, mutum ba zai ci abinci a huta ba? Ba wanda ya kau da kai. Ta ɗebi cokali na farko ta kai baki.

“Ƙara,” in ji Gwaggo.